An gyara motar, saura wuyana

Sana'ata buga takardu. Ina da ɗan shago a Kano, da kwamfutoci da injin fotokwafi, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban jami'a ne masu rubutun kammala karatu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ido da wuya su ne jarin mai shi, domin daga safe har isha'i kanka a sunkuye yake tsakanin takarda da allon kwamfuta. Na fara da wannan ne don a gane yadda ciwon da wani zai raina ya kusa rufe mini shago. Tun da na samu sauƙi mutane ke tambayata ko zuwa gashin ƙashi bayan ɗan ƙaramin haɗarin mota yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai. Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin ya faru a watan Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana. Ina tsaye a danja a kan titin Zariya cikin tsohuwar Corollata, da bel a jikina, sai wata 'yar ƙurƙura da ta ɗauko buhuna ta dake ni ta baya. Ba gudu take yi ba, birkinta ne bai kama da wuri ba saboda nauyin kaya. Na ji ƙara, na ji kaina ya yi baya ya dawo gaba, shi ke nan. Na buɗe ƙofa na fito da ƙafata. Bamba ta lotse, fitilar baya ɗaya ta fashe, but ya ƙi rufuwa sosai.

Direban dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya sauko jikinsa na rawa yana cewa, "Yallaɓai, don girman Allah ka yi haƙuri, tsautsayi ne." Jama'a suka taru kamar yadda aka saba, kowa na cewa Allah ya kiyaye gaba, an gode Allah tunda ba jini ba karaya. Muka tsaya a kan zai biya fitila da rabin kuɗin gyaran bamba. Ba shi da tsabar kuɗi, turawa ta waya kuma a lokacin sai ta kwana a hanya, don haka muka karɓi lambar juna muka rabu lafiya. A duk cikin masu sulhun nan, har da ni, babu wanda ya kawo maganar jikin mutumin da ke cikin motar. Haka sulhun bakin titi yake a wajenmu: ƙarfe ake lissafawa, mutum kuwa in ya tsaya da ƙafarsa to ya tsira.

Na wuce shago na yi aikina har dare ban ji komai ba. Da asuba ne na gane akwai magana. Na zo ɗaga kaina daga matashi ya ƙi, sai da na tallafe ƙeya da hannu. A masallaci ruku'u da sujada suka zama aiki, da aka zo sallama kuwa sai da na juya da kafaɗata gaba ɗaya, domin wuyan ya sandare. Kafin azahar ciwon kai ya taso daga ƙeya ya hau har saman ido.

A nan ne magunguna suka fara zuwa ta kowace kusurwa. Hajiyarmu ta ce sanyi ne ya samu ƙofa, tunda lokacin hunturu ne, ta aiko da man shanu da aka haɗa da citta da kanumfari, ta ce maman yara ta riƙa gasa mini da tsumma da ruwan zafi safe da dare. Yaron kemis na unguwa ya ba ni diclofenac da wasu ƙwayoyi a leda, ya kuma sayar mini da abin ɗaure wuya na soso, ya ce kada in cire sai zan yi wanka. Wanzamina ya ce in bari ya yi mini ƙaho, ya kuma ɗan murɗa wuyan ya yi ƙara, wai jijiya ce ta hau kan jijiya. Kawu kuma ya ce akwai wani mai ɗori a garinsu da ko ƙashi ya ruguje sai ya haɗa shi.

Ƙahon da murɗar ban yarda ba, don ko taɓa wurin ba na so a yi. Sauran duk na yi. Na kuma je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi a haske ya ce babu karaya babu gocewa, ya rubuta maganin ciwo ya ce in huta. Wannan hoto ya kwantar mini da hankali, amma kuma shi ne ya sa kowa ya daina ɗaukar ciwon da muhimmanci. "To ai an ce ba komai," in ji mutane. Ni kuwa ga shi ba na iya waiwaye. Ribas da mota ya gagare ni sai da madubi da addu'a. Zaman kwamfuta na rabin awa sai wuta ta kama mini tsakanin allunan kafaɗa. Ɗalibai suka fara kwashe aikinsu zuwa shagon maƙwabci, kuma ban ga laifinsu ba, malamansu ba za su jira wuyana ba. Mota ta fito daga gareji fes da sabon fenti, mai ita na yawo da soso a wuya.

Abin da ya fi damuna ma cikina ne. Ƙwayoyin ciwon nan da nake sha, wani lokaci ba tare da na ci abin kirki ba, suka fara ƙona mini ƙirji. Daga baya likita ya tabbatar mini cewa irin su diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna iya jawo gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Magani ne na ɗan lokaci, ba abin da za ka mayar goro ba.

Wata ɗaliba mai karatun gashin ƙashi a Jami'ar Bayero ce ta shigo karɓar aikinta ta gan ni da soso. Ta tambayi tun yaushe nake ɗaure da shi. Da na faɗa mata sai ta riƙe baki ta ce, "Baba, wa ya ce ka bar shi har yanzu? Don Allah ka je a duba ka a sashen gashi." Na ce mata ni ai ban karye ba, ban kuma shanye ba. A tunanina, da tunanin mutane da yawa, wurin na masu shanyewar ɓarin jiki ne da waɗanda aka cire wa filasta da yaran da suka kasa tafiya. Ta ce in dai je.

Na koma wurin likita ya rubuta mini takardar tura ni can, a wani asibitin gwamnati. A Kano ba a rasa wurin zuwa ba: akwai sashen a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, ga kuma masu zaman kansu. Abin da ya kamata mutum ya tabbatar shi ne wanda zai taɓa shi ya yi karatun a jami'a kuma yana da rajista da hukumar da ke ba su lasisi, MRTB, domin yanzu duk wanda ya sayi injin tausa a kasuwa sai ya kafa allo.

Ranar farko ita ce ta fi kowace rana amfani, kuma babu injin da aka jona mini a cikinta. Matashi ne likitan, bai kai ni shekaru ba. Ya zaunar da ni ya yi ta tambaya. Ta ina aka dake ka? Ka ga motar tana zuwa ko ba ka gani ba? Ka suma? Ka yi amai? Hannunka yana mutuwa, ko kana jin kamar ana tsira maka allura a yatsu? Abu yana suɓuce maka? Kana jiri, ko ƙafa na harɗewa in kana tafiya? Ya ce in matse yatsunsa, ya bubbuga gwiwar hannuna da 'yar gudumar roba, ya shafa fatar hannayena biyu yana tambaya ko ji ɗaya ne. Ya bi tsakiyar wuyana da yatsa ƙashi bayan ƙashi, sannan ya koma gefe, inda na kusa tashi tsaye don zafi. Ya sa na juya dama da hagu, ya auna iyakar inda na kai ya rubuta.

Sai ya yi mini bayanin da babu wanda ya yi mini tun ranar haɗarin. Ya ce kan babban mutum ya kai wajen kilo 5, ƙasusuwa 7 ne ke ɗauke da shi a wuya, da tsoka da jijiyoyi suna riƙe da su. "Malam, ka taɓa ganin an hankaɗe mai talla ta baya? Ita ta yi gaba, farantin ya tsaya a baya. To kujera ce ta tura jikinka gaba, kai ya makara, sannan ya biyo da ƙarfi." Abin da ya ji rauni nama ne da jijiya da ƙananan gaɓoɓi, su kuwa hoton ƙashi ba ya nuna su. Ciwon yakan ɓoye a ranar farko saboda firgici da tashin hankali, sai bayan awanni ko washegari kumburi ya bayyana shi. Ya ce tun 1995 wani kwamitin masana a Kyubek ta ƙasar Kanada ya kasa irin wannan rauni mataki-mataki daga 0 zuwa 4. Na 1 ciwo ne kawai da sandarewa. Na 2 shi ne wanda ana iya ganin wuya ya rage juyawa kuma akwai wurin da in an danna yake zafi. Na 3 ya taɓa jijiyar da ke sauka hannu. Na 4 karaya ce ko gocewa, wannan kuma ba nasu ba ne, na likitan ƙashi ne. Ni ina na 2.

Daga nan ya ce in kwance soson in ba shi. Na ce, "Likita, in na cire ai kan faɗuwa zai yi." Ya yi dariya ya ce ba zai faɗi ba. Soson nan, in ji shi, da can ana ba kowa, amma an gano wanda ya ci gaba da motsa wuyansa da harkokinsa daidai gwargwado ya fi saurin warkewa a kan wanda aka ɗaure aka kwantar. Tsokar da aka hana aiki rauni take yi, gaɓar da ba ta motsi ƙara riƙewa take yi, shi kuma mai ciwon tsoron motsi yake ƙara shigarsa. Wato kashi mai yawa na abin da ke damuna a lokacin ba dukan motar ba ne, zaman da wuyan ya yi ne a ɗaure.

Motsin da ya koya mini ba su da wani kwarjini, har na ɗan ji haushin a ce don wannan na bi layi. In zauna daidai in ja haɓata baya ba tare da na sunkuyar da kai ba, in riƙe kaɗan in saki. In juya kai dama a hankali har inda ciwo ya fara magana, in tsaya nan, in dawo, in yi hagu. In kai kunne wajen kafaɗa. In matse allunan kafaɗa ta baya. Daga baya ya ƙara da dafa goshi da tafin hannu ina turawa ba tare da kan ya motsa ba, sannan ta gefe. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, ba a tara a yi lokaci ɗaya ba. Na haɗa su da lokutan salla don kada in manta, kuma wannan dabara ce ta riƙe ni, domin da na bar wa "in na samu lokaci" da ban yi ba. Ya ce ɗan ciwo lokacin motsi ba alamar ɓarna ba ce, amma in ya sauka hannu ko yatsu suka mutu in tsaya in dawo wurinsa.

Ya tambayi yadda nake zama a shago. Na kwatanta masa. Ya ce in ɗaga allon kwamfuta ya zo daidai ido, in kafa takardar da nake kwafa a tsaye maimakon shimfiɗe a tebur, in daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ina bugu, in riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko da zuwa bakin ƙofa ne. Bandir ɗin takarda na jera a ƙarƙashin allon, har yau suna nan. Gashin ruwan zafi na Hajiya kuwa ya ce a ci gaba, yana sassauta tsoka kafin motsi. Da na kai mata wannan labari ta ce ai dama ta sani.

A zuwan da suka biyo baya an haska mini fitilar nan mai jan haske, an manna mini wayoyin lantarki masu tsittsinkar fata, ya kuma sa hannu ya lallaɓa gaɓoɓin a hankali, ba murɗa irin ta wanzami ba. Suna da daɗi, ina fita wuya sakayau. Amma na lura daɗin ba ya kai washegari. Abin da ke ƙaruwa ya zauna shi ne abin da nake yi da kaina a gida da shago. Mutanen da muke zama a benci tare da yawansu injin suke zuwa nema, in aka ba su motsa jiki ba a jona musu komai ba sai su ce yau ba a yi musu aiki ba. Akwai wani bawan Allah da ya ce mini shi wata da watanni yake zuwa, amma bai taɓa yin na gida ba, wai shi da ya biya kuɗi me zai sa ya yi wa kansa aiki.

Akwai kuma abin da ban zaci zai shigo cikin maganar wuya ba. Tun bayan haɗarin, in na tsaya a danja idona na kan madubi, duk motar da ta taho sai na ƙanƙame sitiyari na ɗage kafaɗa. Ban faɗa wa kowa ba, shi ne ya tambaya. Ya ce wannan sananne ne, kuma waɗanda ciwonsu ya yi tsanani tun farko, da waɗanda firgicin ya zauna musu, da waɗanda suka sa a ransu ba za su warke ba, su ne ciwon ya fi daɗewa a jikinsu. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin makonni zuwa wata 2 ko 3, amma akwai kaso mai yawa da ke kaiwa shekara suna jin wani abu. Ya ce in ci gaba da tuƙi, in fara da hanyoyin unguwa, in na tsaya in sauke kafaɗa in ja numfashi. A hankali abin ya sake ni.

Bai riƙe ni ba. Da ya ga juyawar ta kusa daidai kuma na koma aiki cikakke, ya ce ba sai na dawo ba sai in wani abu ya canza. Duk abin da na kashe a wurinsu, har da kuɗin kati, bai kai abin da bamba da fenti suka ci ba, kuma bai kama ƙafar aikin da na rasa a shago ba.

Bayan wani lokaci wani ɗalibi ya kawo rubutunsa a kan ciwon wuya, ni kuma yanzu ba bugawa kawai nake yi ba, karantawa nake. A ciki na ci karo da bincike biyu da suka sa na ƙara girmama matashin nan. Na farko an yi shi a Ingila, mujallar Lancet ta buga a 2013. An ɗauki kusan mutum 600 da ciwon bai sake su ba bayan mako 3 da haɗari, aka ba rabi zama ɗaya na shawara da likitan gashi, rabi kuma zama har 6. A wata na 4 masu zama da yawa sun ɗan fi samun sauƙi, amma a wata na 8 da na 12 babu bambanci. Na biyun a Ostareliya, an buga a 2014, a kan waɗanda ciwon ya wuce wata 3: zama 20 na motsa jiki bai fi zama ɗaya na shawara mai kyau da damar tuntuɓa ta waya ba. Wani zai karanta wannan ya ce to ashe gashin banza ne. Ni ba haka na fahimta ba. A duka binciken, har waɗanda aka ba kaɗan ɗin likitan gashi ne ya duba su, ya yi musu bayani, ya koya musu motsi. Ba a gwada su da wanda ya zauna gida da soso da ledar ƙwayoyi ba. Abin da ya nuna mini shi ne albarkar tana cikin zaman farko, kuma duk wanda ya yanka maka zama 30 tun kafin ya taɓa wuyanka, da alama aljihunka yake dubawa.

Saboda haka in aka tambaye ni, ga abin da nake cewa. In ka fito daga mota lafiya, washegari ka ji ɗan tsami, ya kuma fara raguwa da kansa cikin 'yan kwanaki, ci gaba da harkarka kana motsa wuya, ba lallai ka je ko'ina ba. In mako ya wuce ba ka iya waiwaye, ko ciwon ya hana ka aiki ko barci, ko ka ga kullum sai ka sha ƙwaya, je a duba ka, ko sau ɗaya ne. In kuwa akwai suma, ko amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko mutuwar hannu, ko rashin ƙarfi, ko zafi a tsakiyar ƙashin wuya, ko mutum ya kai shekara 65, wannan ba maganar gashi ba ce tukuna, ba ta mai ɗori ba ce, ba ta wanzami ba ce. Asibiti za a nufa a ranar, kuma kada a bari kowa ya murɗa wuyan. Ina girmama masu ɗori, na ga hannun da suka gyara, amma a cikin ƙashin wuya laka take, kuskure a nan ba ya gyaruwa.

Dattijon da ya dake ni ya cika alkawari, ya turo kuɗinsa da layi ya daidaita, har ya kira ya yi mini ya jiki. Ban nemi kuɗin magani a wurinsa ba, mun riga mun rufe magana a titi, kuma na ga halin da yake ciki. Sai dai na sani yanzu cewa inshorar nan da doka ta tilasta, wadda aka mayar naira 15,000 ga ƙananan motocin gida daga Janairun 2023, ba don a nuna a shingen hanya kawai aka yi ta ba. Tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wanda aka daka har naira miliyan 3, tana kuma ɗaukar raunin jikinsa. Mu dai ba mu saba nema ba, wasu ma takardar tasu ta bogi ce ba su sani ba. Ko ba a je ga inshora ba, mai sulhu a bakin titi ya kamata ya bar ƙofa a buɗe, ya ce in jiki ya yi magana gobe za a sake zama, domin wanda aka daka ba ya sanin abin da ya same shi sai ya kwana.

Yau wuyana lafiya lau, sai dai in na yi dogon zama lokacin da aiki ya yi yawa yakan ɗan riƙe ta hagu, in na miƙe na yi motsin nan sai ya saki. Tambaya ɗaya da likitan ya yi mini ce ta sa na sake duban motoci: ina majinginin kai na kujerarka yake? Nawa a can ƙasa yake, daidai wuya, yadda na sayi motar. Ya ce samansa ya kamata ya zo daidai saman kai, kuma ya matso kusa da ƙeya, don shi ne ke tare kan idan aka dake ka ta baya. Ku duba motocin haya na tasha, da yawa an cire su gaba ɗaya don a ji daɗin cusa fasinja, a Adaidaita Sahu kuwa babu shi tun asali. Na gyara nawa da na kujerar maman yara. Na baya babu su ko ɗaya, sai da na je Ƙofar Ruwa na samo na hannu guda biyu, launinsu ma bai dace da kujerun ba.